Darasi na Tara: Shiga Gungun Kubernetes ta Layin Umarni

A darussan da suka gabata mun yi bayanin kwantena, watau yadda ake ɗaure manhaja tare da dukan abin da take bukata a ƙunshi guda, domin ta yi aiki a kowace kwamfuta ba tare da gardama ba, al'amarin da ya game duniya tun bayan fitowar Docker a 2013. Mun kuma ce idan kwantenoni suka yi yawa, har suka kai ɗaruruwa a kan kwamfutoci dabam dabam, tilas ne a sami wani tsari da zai riƙa rarraba su, yana tayar da wadda ta faɗi, yana ƙara adadinsu in aiki ya yi nauyi. Mafi shahara cikin irin waɗannan tsare-tsare shi ne Kubernetes, wanda injiniyoyin kamfanin Google suka bayyana a 2014, bisa ga abin da suka koya daga tsarinsu na cikin gida mai suna Borg, aka fitar da sigarsa ta 1.0 a watan Yuli na 2015, aka kuma danƙa riƙonsa ga gidauniyar CNCF. Taron kwamfutocin da wannan tsari ke sarrafawa a matsayin abu ɗaya shi muke kira gungu. Mas'alar da ke gabanmu yau ita ce yadda mutum zai zauna gaban kwamfutarsa, ya buɗe allon umarni, ya gabatar da kansa ga gungu har gungun ya yarda ya saurare shi.

Asalin mas'alar

Wajibi ne ɗalibi ya fara riƙe wani asali guda, wanda in ya gane shi sauran babin zai zo masa da sauƙi, in kuwa ya kuɓuce masa zai yi ta haddace umarnai ba tare da sanin dalilinsu ba. Asalin kuwa shi ne, Kubernetes ba shi da littafin rajistar mutane. Babu wani wuri a cikinsa da aka jera sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu, yadda aka saba a Facebook ko a manhajar banki, kuma babu umarnin da ake bugawa a ce a ƙirƙiri mutum wane. Yana da rajistar asusun hidima, waɗanda ake buɗe wa manhajojin da ke gudana a cikinsa, amma sha'anin 'yan Adam ya bar shi ga wasu hukumomi na waje da ya amince da su. A da akwai hanyar ajiye sunaye da kalmomin sirri a wani fayil, amma an cire ta a siga ta 1.19, saboda rauninta.

Wanda ya taɓa zama a kotun alƙali zai gane wannan nan take. Mai ba da shaida yakan zo daga wani gari, alƙali bai taɓa ganin fuskarsa ba, ba ya kuma bincika zuciyarsa. Abin da yake nema shi ne wani adali sananne a wurinsa ya tsarkake shi, watau ya yi masa tazkiyya, sa'an nan a karɓi maganarsa bisa ga amincin wanda ya tsaya masa. Haka gungu yake. Bai san ka ba, ya san dai wanda ya sa maka hannu.

Akwai kuma wani abu na biyu da ke biye da wannan. Ko da yake muna cewa an shiga, gungu ba ya riƙe zaman kowa a zuciyarsa. Dukan umarnin da mutum ya buga da manhajar `kubectl` saƙo ne mai zaman kansa, da ake aikawa ta hanyar HTTPS zuwa ga sashen gungun da ake kira `kube-apiserver`, wanda a gungun da aka kafa da `kubeadm` yakan saurara a tasha mai lamba 6443. Kuma kowane saƙo yana tafe da hujjarsa, ana duba ta sabuwa ful, ko da kuwa an duba irinta daƙiƙa guda da ta wuce. Saboda haka haƙiƙanin shiga shi ne mutum ya tanadi hujja ingantacciya a inda `kubectl` zai same ta duk sa'ad da ya nema.

Fayil ɗin da hujja ke zaune a cikinsa

Inda `kubectl` ke nema kuwa sananne ne, kuma yana bin tertibi. In an ba shi suna da `--kubeconfig` a cikin umarnin, wannan fayil kaɗai zai duba. In ba a ba shi ba, sai ya duba abin da aka sa a `KUBECONFIG`. In nan ma babu kome, sai ya koma ga fayil mai suna `config` a cikin foldar `.kube` ta gidan mai kwamfutar. Ga surarsa a taƙaice, an datse dogayen rubuce-rubucen da ke ciki:

```
clusters:
- name: gungun-gwaji
  cluster:
    server: https://192.0.2.10:6443
    certificate-authority-data: LS0tLS1CRUdJTi...
users:
- name: dalibi
  user:
    client-certificate-data: LS0tLS1CRUdJTi...
    client-key-data: LS0tLS1CRUdJTi...
contexts:
- name: gwaji
  context:
    cluster: gungun-gwaji
    user: dalibi
    namespace: aji
current-context: gwaji
```

Rukunansa uku ne. Na farko yana faɗin inda gungu yake da kuma takardar shaidar hukumar da ta sa wa gungun hannu. Na biyu yana ɗauke da hujjar mutum. Na uku, wanda za mu kira mahalli, shi ke ɗaura wannan mutum da wancan gungu, tare da sashen da zai yi aiki a ciki. Layin ƙarshe kuma yana nuna mahallin da ake ciki yanzu.

Ina so a tsaya a kan rukunin farko, domin ɗalibai sukan yi masa kallon shara, alhali kuwa rabin amincin al'amarin a kansa yake. Kamar yadda gungu ke neman hujja daga gare ka, haka kai ma kake da hakkin neman hujja daga gare shi, don kada wani ɗan damfara ya tsaya a tsakani, ya yi shigar gungu, ya karɓe sirrinka kana miƙa masa da hannunka. Takardar nan ta `certificate-authority-data` da ita `kubectl` ke gwada takardar da sabar ta nuna, in ba su dace ba ya ƙi magana, ya rubuta `x509: certificate signed by unknown authority`. A nan ne mai gaggawa yakan sami wanda zai ba shi shawarar ya ƙara `--insecure-skip-tls-verify`, kuma lalle in ya ƙara saƙon zai wuce, amma ma'anar abin da ya yi ita ce ya yarda ya yi magana da ko wane ne ya amsa. Ban ga uzurin yin haka ba a gungun da ake aikin gaske a kansa. Abin da ya kamata shi ne a koma wurin mai kula da gungun a karɓo takardar da ta inganta.

Ire-iren hujja

Hujja ta farko ita ce takardar shaida ta X.509 tare da mabuɗinta na sirri. A cikin takardar akwai gurbin `CN`, wanda gungu ke ɗauka a matsayin sunan mutum, da gurbin `O`, wanda yake ɗauka a matsayin ƙungiyar da mutumin ke ciki. Muddin hukumar da gungu ya amince da ita ce ta sa hannu, kuma wa'adi bai cika ba, to magana ta ƙare, an karɓe shi. Wanda ya kafa gungu da `kubeadm` irin wannan hujja yake fara samu, a fayil ɗin `/etc/kubernetes/admin.conf`, sai ya kwafe shi zuwa foldarsa kamar haka:

```
mkdir -p $HOME/.kube
sudo cp -i /etc/kubernetes/admin.conf $HOME/.kube/config
sudo chown $(id -u):$(id -g) $HOME/.kube/config
```

Wannan hanya tana da sauƙi, tana kuma da aibi babba da ya wajaba a faɗe shi a fili: Kubernetes ba shi da hanyar soke takardar da aka riga aka bayar. In ma'aikaci ya bar aiki, ko aka sace masa kwamfuta a mota, takardarsa tana nan da ranta har ranar da wa'adinta ya cika, wanda a al'adar `kubeadm` shekara guda ce. Abin da ya rage wa mai kula shi ne ya janye izinin da ya rataya wa wannan suna. In kuwa takardar tana ɗauke da ƙungiyar `system:masters`, to ko wannan ma ba zai yiwu ba, domin ma'abota wannan ƙungiya ba a tambayarsu izini ko kaɗan, kuma babu magani sai a sauya hukumar sa hannun gungun ɗungurungum, aiki mai wahala da kan taɓa kowa. Wannan ne ya sa tun daga siga ta 1.29 `kubeadm` ya raba abin biyu, ya keɓe waccan ƙungiya a wani fayil dabam mai suna `super-admin.conf`, wanda ake ajiyewa domin ranar larura kaɗai. Al'adar da wasu ofisoshi ke yi, ta a kwafi fayil ɗin shugaba guda a rarraba wa ma'aikata duka ta WhatsApp ko imel, ɓarna ce tsagwaronta, domin bayan haɗarin sata, in wani ya goge abu babu yadda za a san ko wane ne, tun da kowa da suna ɗaya ya shiga.

Hujja ta biyu ita ce tokin, watau wani dogon rubutu da ake liƙawa a kan kowane saƙo, wanda duk mai riƙe da shi ake ɗaukarsa shi ne mai shi. Asusun hidima da irinsa suke aiki. A da gungu yakan ƙirƙira wa kowane asusu tokin marar wa'adi ya ajiye, amma daga siga ta 1.24, a 2022, an daina yin haka kai tsaye. Yanzu mai bukata yakan buga `kubectl create token` tare da sunan asusun, a ba shi wanda zai mutu bayan sa'a guda in bai nemi wani wa'adi ba.

Amma hanyar da manyan ma'aikatu suka fi bi domin mutane, kuma ita nake ganin ta fi dacewa, ita ce a jingina al'amarin ga hukumar da ta riga ta san ma'aikatan, ta ƙa'idar da ake kira OpenID Connect. Mutum zai buga umarninsa, burauza ta buɗe, ya sa sunansa da kalmar sirrinsa ta wurin aiki, ya tabbatar da lambar da wayarsa ta nuna, sa'an nan hukumar ta ba shi tokin mai gajeren rai wanda ta sa wa hannu, gungu kuwa ya duba sa hannun ya karɓa. Ranar da aka sallami mutum aka rufe asusunsa a can, da zarar tokin da ke hannunsa ya mutu, ba shi da hanyar samun wani. A fayil ɗin mai bin wannan hanya sau da yawa ba za a ga sirri ba sam, sai wani sashe mai suna `exec`, wanda ke gaya wa `kubectl` sunan wata ƙaramar manhaja da zai kira ta samo masa tokin a duk lokacin bukata.

Kamfanonin da ke ba da hayar gungu ta intanet a kan wannan tsari na `exec` suka dogara, kowanne da umarninsa na rubuta fayil ɗin. Bayan mutum ya shiga asusunsa na kamfanin, sai ya buga ɗaya daga cikin waɗannan, na Amazon, ko na Google, ko na Microsoft:

```
aws eks update-kubeconfig --region af-south-1 --name gungun-gwaji
gcloud container clusters get-credentials gungun-gwaji --region europe-west1
az aks get-credentials --resource-group aji --name gungun-gwaji
```

Tokin na Amazon minti 15 yake yi, ana sabunta shi ba tare da mutum ya sani ba. A da `kubectl` yana ɗauke da hanyoyin shiga na Google da Microsoft a cikin jikinsa, amma an cire su a siga ta 1.26, saboda haka mai aiki da gungun Google sai ya girka `gke-gcloud-auth-plugin`, mai aiki da na Microsoft ta asusun ma'aikata kuma ya girka `kubelogin`. OpenShift na kamfanin Red Hat shi ne ya zo da umarnin da ya yi kama da shigar da aka saba, watau `oc login`, amma ko shi abin da yake yi a ɓoye shi ne ya karɓo tokin, wanda bisa asali yake yin sa'a 24, ya rubuta shi a wannan fayil ɗin dai.

Sanin mutum dabam, ba shi izini dabam

In gungu ya gamsu da ko wane ne kai, saura tambaya ta biyu, ko an halatta maka abin da ka nema. Tsarin da ya fi yaɗuwa wajen wannan hukunci shi ne RBAC, wanda ya tabbata a siga ta 1.8 a 2017: ana rubuta ayyukan da aka yarda da su a cikin `Role`, in a sashe guda ne, ko `ClusterRole`, in ya shafi gungu duka, sa'an nan a rataya su ga mutum ko ƙungiya da `RoleBinding` ko `ClusterRoleBinding`. Ƙa'idarsa ita ce asalin kowane aiki hani ne sai an sami nassin da ya halatta shi, kuma babu nassin haramtawa a cikinsa, izini kawai ake tarawa.

Daga nan ɗalibi zai iya karanta amsoshin gungu da basira, maimakon ya ce kawai abu ya ƙi. In ya ga `The connection to the server localhost:8080 was refused`, to bai ma isa ko'ina ba. `Kubectl` ne bai sami fayil ba, ya koma yana ƙwanƙwasa kwamfutar da yake zaune a kanta. In ya ga `You must be logged in to the server (Unauthorized)`, wannan ita ce lamba 401, ma'anarta an isa amma hujjar ba ta karɓu ba, galibi domin wa'adinta ya cika. In kuwa ya ga `Forbidden`, lamba 403, to an san shi sarai, har ma za a ambaci sunansa a cikin saƙon, izini ne babu, kuma sake shiga sau goma ba zai amfana masa kome ba, sai ya nemi mai kula. Sai dai a duba sunan da aka ambata da kyau: in `system:anonymous` ne, to saƙon ya tafi ba tare da wata hujja ba, aka ɗauke shi baƙo marar suna. Akwai kuma wata illa da kan wahalar da mutane ƙwarai, ita ce agogon kwamfuta. Takardu da tokin duka da lokaci ake auna su, saboda haka tsohuwar kwamfutar da ƙaramin batirin agogonta ya mutu, ta farka tana zaton wata shekara ce can baya, za ta ce takardar gungu ba ta inganta ba, alhali takardar lafiyarta ƙalau. Kafin a zargi kowa, a buga `date` a gani.

Umarnai biyu suna yanke dogon zato. `kubectl auth whoami`, wanda ya tabbata a siga ta 1.28, yana faɗa maka sunan da gungu ya san ka da shi da ƙungiyoyinka. `kubectl auth can-i delete pods` kuma yana amsa maka da i ko a'a ba tare da an goge kome ba.

Mahalli da amanar fayil

Mutum guda yakan tara gungu uku ko huɗu a fayil ɗaya, na gwaji da na aikin gaske, kuma allon umarni ba ya sauya launi don ya gargaɗe shi. Baƙin allo ne ɗaya, harafi ɗaya ne, umarnin da zai share kwantenonin wasa a nan shi ne zai tsayar da biyan albashi ko rajistar marasa lafiya a can. Ƙari a kan haka, umarnan kamfanonin nan da muka kawo sukan mayar da mahallin yanzu zuwa ga gungun da aka ɗauko ƙarshe, kuma tun da a fayil ake rubuta shi, sauyin yana bin dukan tagogin da mutum ya buɗe, har da wadda ya bari tun da safe yana gwaji a cikinta. Saboda haka ya zama ɗabi'a, kafin duk wani umarni mai sauya abu, a buga `kubectl config current-context`. `kubectl config get-contexts` yana jera su duka da tauraro a gefen wanda ake ciki, `kubectl config use-context gwaji` kuma yana mayar da mutum inda ya nufa. Mafi tsentseni ma shi ne a raba gungun aikin gaske a fayil nasa dabam, wanda ba a kaiwa gare shi sai an ambace shi da gangan.

Shi kansa fayil ɗin amana ne. Dogayen haruffan nan da suka fara da `LS0t` ba a kulle suke ba, rubutu ne kawai da aka juya zuwa tsarin base64, wanda kowa ke iya warwarewa da umarni guda. Don haka a tsare shi da `chmod 600 ~/.kube/config` yadda mai shi kaɗai zai karanta, kada a sa shi a ma'ajiyar Git, kada a ɗauki hotonsa a tura wa mai taimako. In ana son nuna wa wani, `kubectl config view` yana rufe sirrin da kansa, matuƙar ba a ƙara masa `--raw` ko `--flatten` ba. Haka kuma kada a karɓi irin wannan fayil daga wanda ba a sani ba, domin sashen `exec` yana iya kiran kowace manhaja a kwamfutarka da sunanka, kuma masu Kubernetes da kansu sun yi gargaɗi a kan haka. Wanda yake ganin an tsananta, ya tuna cewa a watan Fabrairu na 2018 masu bincike na kamfanin RedLock sun bayyana cewa ɓarayi sun sami shafin sarrafa wani gungun Kubernetes na kamfanin Tesla a buɗe ba kalmar sirri, suka tarar da mabuɗan asusun Amazon a ciki, suka kuma yi amfani da kwamfutocin wajen haƙar kuɗin intanet.

Aikin yi

Kowane ɗalibi ya kafa ƙaramin gungu a kwamfutarsa da `minikube` ko `kind`, ya buɗe fayil ɗin da aka rubuta masa, ya nuna wa na kusa da shi rukunan nan uku, ya kuma faɗi irin hujjar da aka ba shi. Sa'an nan ya ƙirƙiri asusun hidima da `kubectl create serviceaccount almajiri`, ya karɓo masa tokin, ya shigar da shi a fayil da `kubectl config set-credentials`, ya ɗaura masa sabon mahalli da `kubectl config set-context`, ya koma cikinsa ya nemi jerin kwantenoni da `kubectl get pods`. Ya rubuta amsar da ya samu a littafinsa, ya bayyana ko 401 ce ko 403, da dalili. Bayan sa'a guda ta wuce ya sake buga umarnin, ya rubuta abin da ya sauya, ya zo da littafin aji na gaba.